Janar Yamashita: Damisar Malaya da shari'ar "ban sani ba"

Akwai wata kalma da shugabanni suka fi so a duk lokacin da mabiyansu suka yi ɓarna, wato "ban sani ba". Minista yakan faɗe ta idan kuɗin ma'aikatarsa suka yi ɓatan dabo, kwamanda yakan faɗe ta idan yaransa suka buɗe wuta a kan bayin Allah, sau da yawa kuma daga nan maganar take mutuwa. A yau ina so in ja hankalin mai karatu zuwa ga tarihin wani mutum da ya faɗi wannan kalma a gaban kotu, wataƙila ma da gaskiyarsa, amma duk da haka aka rataye shi. Sunansa Janar Tomoyuki Yamashita, hafsan sojan Japan da ya ƙwace Singafo daga hannun Turawan Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kuma har gobe masana shari'ar yaƙi suke kiran ƙa'idar alhakin kwamanda da sunansa.

An haifi Yamashita ranar 8 ga watan Nuwamba, 1885, a wani ƙauye mai suna Osugi da ke yankin Kochi a tsibirin Shikoku. Mahaifinsa likitan ƙauye ne. Ya gama makarantar horar da hafsoshi a 1905, ya ɗanɗana yaƙi a 1914 lokacin da Japan ta karɓe birnin Tsingtao na ƙasar Sin daga hannun Jamusawa, sa'annan ya kammala babbar kwalejin yaƙi a 1916. Bayan haka an tura shi Turai a matsayin jami'in soja a ofisoshin jakadanci, ya zauna a Suwizalan da Jamus, daga baya kuma ya zauna a birnin Biyana na Ostiriya. Ke nan yana cikin 'yan tsirarun hafsoshin Japan da suka ga Turai da idonsu, suka san ƙarfin masana'antunta.

Siyasar cikin bariki ce ta fara taɗiye shi. A wancan zamani sojan Japan ya rabu gida biyu. Akwai ɓangaren masu zafin ra'ayi da ke son a kawar da 'yan siyasa a miƙa komai ga Sarki, akwai kuma ɓangaren da ke son soja ya mamaye gwamnati sannu a hankali, wanda Hideki Tojo yake ciki. Yamashita ya karkata ga na farko. Ranar 26 ga Fabrairu, 1936, wasu ƙananan hafsoshi suka fito da sojoji sama da 1,400 a birnin Tokyo da nufin juyin mulki, suka kashe ministan kuɗi Takahashi Korekiyo da wasu manya. Da yawa daga cikin masu tawayen sun fito ne daga rundunar da Yamashita ya taɓa shugabanta, shi kuwa sai ya nemi a yi musu sassauci. Wannan ya ɓata shi a wurin Sarki Hirohito, aka cilla shi Koriya. Daga can ya yi aiki a arewacin Sin da yankin Manchuriya.

A ƙarshen 1940 aka naɗa shi jagoran tawagar soja zuwa Jamus da Italiya, inda ya shafe kimanin wata shida, ya gana da Hitler da Mussolini. Da ya dawo ya gaya wa magabatansa gaskiya, cewa Japan tana baya ƙwarai ta fuskar tankokin yaƙi da jiragen sama, saboda haka kada ta kuskura ta tsokano manyan ƙasashe sai ta gyara gidanta. Ba a saurare shi ba. Abin mamaki, cikin watan Nuwamban 1941 shi ɗin dai aka danƙa wa Runduna ta 25, aka ce ya je ya ci Malaya, wato ɓangaren ƙasar Maleshiya ta yau da ke manne da Tailan, ya kuma kama tsibirin Singafo da ke ƙarshenta ta kudu.

Domin mai karatu ya gane girman wannan aiki, Singafo ita ce alfaharin daular Ingila a gabashin duniya. An kashe dukiya mai yawa wajen gina mata sansanin jiragen ruwa da girka mata manyan bindigogi. Yamashita ya zaɓi ya tafi da manyan rundunoni uku kacal, ko da yake an yi masa tayin fiye da haka, saboda ya lissafa cewa iyakar waɗanda zai iya ciyarwa da kai wa harsashi ke nan. Ranar 8 ga Disamba, 1941, dakarunsa suka sauka a Singora da Patani a kudancin Tailan da kuma Kota Bharu a Malaya. Kwana biyu bayan haka jiragen saman sojan ruwan Japan suka nutsar da manyan jiragen ruwan yaƙin Ingila biyu, Prince of Wales da Repulse. Teku da sama suka zama na Japan.

A ƙasa kuwa, dabararsa ita ce sauri. Sojojinsa sun hau kekuna a kan titunan da Turawa suka shimfiɗa domin kwasar roba da kuza. Duk inda aka tare hanya, sai wasu su ratsa daji ko su bi gaɓar teku da ƙananan jiragen ruwa su ɓullo ta baya. Tankokinsa, waɗanda aka yi zaton ba za su yi amfani a irin wannan ƙasa ba, su ne suka tarwatsa sojojin Indiya a Jitra da kogin Slim. Kuala Lumpur ta faɗi ranar 11 ga Janairu, 1942. Zuwa ƙarshen watan, ragowar sojojin Ingila da Indiya da Ostireliya sun tsallaka cikin tsibirin Singafo, suka fasa gadar da ta haɗa shi da Johor. An sha faɗin cewa manyan bindigogin Singafo teku kawai suke kallo. Gaskiyar magana ita ce yawancinsu suna iya juyawa, sai dai harsasan da aka tanadar musu na huda jiragen ruwa ne, ba su da tasiri sosai a kan sojan ƙasa.

Daren 8 ga Fabrairu Japanawa suka ƙetare ruwa. Cikin mako guda suka kama madatsun ruwan sha da rumbunan abinci. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, Laftanar Janar Arthur Percival ya zo masana'antar motoci ta Ford da ke Bukit Timah, aka riƙo masa farar tuta, ya miƙa wuya. Sojoji kimanin 80,000 suka zama fursunoni a ranar, ban da wasu kimanin 50,000 da aka kama tun a Malaya. Duka yaƙin kwana 70 ya ɗauka. Yamashita da kansa ya rubuta daga baya cewa barazana ce ya yi ta kuma ci, domin mayaƙansa ba su wuce 30,000 ba, harsasansa kuma sun kusa ƙarewa. Churchill ya ɗauki wannan rana a matsayin miƙa wuya mafi girma a tarihin sojan Ingila. Tun daga lokacin jaridu suka laƙaba wa Yamashita sunan Damisar Malaya.

Wannan nasara ta taɓa mu har nan gida. Faɗuwar Malaya da Singafo ta sauƙaƙa wa Japan cin ƙasar Bama, kuma ƙoƙarin ƙwato Bama ne ya sa Ingila ta kwashi dubban sojojin Afirka ta Yamma a Rundunoni na 81 da na 82, cikinsu har da ɗimbin 'yan Arewa, ta kai su dazuzzukan can daga 1943. Dattawan da muka taso muna jin ana kira 'yan Bama ba da Yamashita suka gwabza kai tsaye ba, amma wutar da ya taimaka wajen kunnawa ce suka je kashewa.

To amma akwai wani ɓangare na nasarar da masu yabon gwanintarsa ba su cika son tsayawa a kai ba. Ranar 14 ga Fabrairu, ana gobe za a miƙa wuya, sojojin Japan suka kutsa asibitin soja na Alexandra, suka yi ta soke majinyata da ma'aikatan jinya da wuƙar bakin bindiga, suka kashe fiye da mutum 100. Kwana uku bayan miƙa wuya kuma aka fara abin da ake kira Sook Ching, wato tsarkakewa. An umarci mazan Sinawa 'yan shekara 18 zuwa 50 su hallara a wasu cibiyoyi domin tantancewa, wai ana neman masu adawa da Japan, musamman waɗanda suka tara wa ƙasar Sin gudummawar yaƙi. 'Yan sandan soja da ake kira Kempeitai su ne alƙalai. Wanda aka nuna da yatsa sai a jefa shi a mota, a kai shi bakin teku a Changi ko Punggol, a harbe. Japanawa sun amsa kashe kimanin mutum 5,000, alhali ƙiyasin da ake yi a Singafo yana tsakanin 25,000 da 50,000. A 1962 aka tono manyan kaburbura a unguwar Siglap.

Wannan kisa ba a cikin ruɗanin fagen fama aka yi shi ba. Yaƙi ya ƙare, gari yana hannu, wayoyin sadarwa suna aiki, Yamashita yana nan kusa. Manjo Janar Kawamura Saburo, wanda ya kula da aikin, ya bayyana cewa daga hedikwatar Runduna ta 25 umarnin ya fito. Turawan Ingila sun rataye Kawamura a 1947 tare da shugaban Kempeitai na birnin. Shi kuwa Kanar Tsuji Masanobu, jami'in tsare-tsare da masana tarihi da dama suke ɗora wa alhakin ƙulla shirin, ya ɓuya har ƙura ta lafa, ya dawo Japan ya rubuta littattafai, a 1952 ma aka zaɓe shi ɗan majalisa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kansa Yamashita ba a taɓa gurfanar da shi a kan Sook Ching ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Ladan da Yamashita ya samu daga gwamnatinsa shi ne sauyin wurin aiki. Tojo, wanda a lokacin ya zama Firayim Minista, bai so farin jinin tsohon abokin hamayyarsa ba. A watan Yulin 1942 aka tura shi Manchuriya ya yi gadin iyaka da Tarayyar Sobiyet, ba a ko bar shi ya biya Tokyo ya gaida Sarki ba. Shekara biyu ya yi a can, a daidai lokacin da yaƙi yake juya wa Japan baya. Sai da gwamnatin Tojo ta faɗi a Yulin 1944 aka tuna da shi, aka ce ya je ya kare tsibiran Filifin. Ya isa Manila a farkon Oktoba, kimanin mako biyu kafin sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur su sauka a tsibirin Leyte ranar 20 ga watan. Bai san ƙasar ba, bai san yawancin hafsoshinsa ba. Ya so ya tattara ƙarfinsa a babban tsibirin Luzon, amma magabatansa suka tilasta masa aika dakaru Leyte, inda aka hallaka dubban mafi ƙwarewa daga cikinsu.

Da Amurkawa suka sauka Luzon ranar 9 ga Janairu, 1945, Yamashita ya raba sojojinsa kimanin 260,000 gida uku, ya ja su zuwa duwatsu domin ya ja yaƙin ya yi tsawo. Ya mayar da hedikwatarsa garin Baguio, tafiyar kimanin kilomita 250 daga Manila, ya kuma ba da umarnin a fice daga babban birnin, domin a ganinsa ba a iya kare shi, ba a kuma iya ciyar da mutanensa. Sai dai wani babban hafsan sojan ruwa, Iwabuchi Sanji, wanda yake da mayaƙa kimanin 16,000, ya ƙi fita. Daga 3 ga Fabrairu zuwa 3 ga Maris aka yi ta gumurzu gida gida. Mayaƙan Iwabuchi, da suka tabbatar babu mafita, suka auka wa farar hula da kisa da fyaɗe da ƙone-ƙone a asibitoci da makarantu da majami'u. Luguden manyan bindigogin Amurka shi ma ya ci rayuka masu yawa. Fararen hula kimanin 100,000 suka mutu, Iwabuchi kuma ya mutu a cikin birnin. Yamashita ya ci gaba da turjiya a duwatsu, yunwa da cuta suna cin mutanensa, har sai da Japan ta ajiye makamai. Ya fito ranar 2 ga Satumba a Kiangan, washegari ya sa hannu a Baguio. Cikin waɗanda aka zaunar su shaida har da Percival, wanda aka fito da shi daga sansanin fursunoni. Duniya juyi-juyi.

An fara shari'arsa a Manila ranar 29 ga Oktoba, 1945, a gaban kotun soja ta janar-janar biyar na Amurka, babu lauya ko ɗaya a cikinsu. Tuhumar ba ta ce ya kashe kowa da hannunsa ba. Abin da ta ce shi ne ya yi watsi da nauyin da ke kansa na tsawatar wa dakarunsa, ya bari suka aikata ta'asa. An jera laifuka 123, kuma 59 daga ciki kwana uku kafin a fara zama aka miƙa wa lauyoyinsa. An saurari shaidu 286, aka karɓi har da shaidar "an ce" da takardun da ba a ga masu su ba. Lauyoyinsa, waɗanda hafsoshin Amurka ne, sun tsaya masa tsakani da Allah. Hujjarsu ita ce bai ba da umarni ba, bai sani ba, hanyoyin sadarwarsa a yanke suke, sojan ruwa kuma a takarda kawai suke ƙarƙashinsa. Masu gabatar da ƙara suka ce ɓarnar ta wuce Manila, domin an kashe dubban mutane a lardin Batangas, an kuma kashe fursunonin Amurka 139 a Palawan, yawancinsu da wuta, saboda haka ɓarna mai wannan faɗi ba za ta auku ba sai da yardar shugaba ko sakacinsa. Ranar 7 ga Disamba, daidai shekara huɗu da harin Pearl Harbor, aka yanke masa hukuncin rataya.

Lauyoyin suka garzaya Kotun Ƙolin Amurka. Ranar 4 ga Fabrairu, 1946, alƙalai shida suka ƙi soke hukuncin, suna cewa wajibi ne kwamanda ya ɗauki duk matakin da ke cikin ikonsa domin kare farar hula da fursunoni. Alƙalai biyu, Frank Murphy da Wiley Rutledge, suka saɓa. Murphy ya nuna cewa Amurka ce ta yi iyakar ƙoƙarinta wajen ruguza sadarwa da tsarin rundunar mutumin, ta kuma dawo tana tuhumarsa da kasa riƙe rundunar. Ya yi gargaɗin cewa wata rana wannan ma'auni zai iya hawa kan shugaban Amurka da manyan hafsoshinsa. Shugaba Truman ya ƙi yin sassauci. Ranar 23 ga Fabrairu, 1946, aka rataye Yamashita a Los Baños, yana da shekara 60.

A nawa ganin, an yi gaggawa a wannan shari'a, kuma hujjar da ta ɗaure shi da ta'asar Manila ba ta da ƙarfi. Amma ba zan bi sahun masu mayar da shi waliyyi ba. An rataye shi a kan laifin da ya fi ƙarancin iko a kansa, aka bar wanda ya auku a gaban idonsa lokacin da yake kan ganiyar ikonsa. Da Singafo aka kai shi aka tambaye shi jinin Sinawan Changi da Punggol, da "ban sani ba" ba ta ko fito daga bakinsa ba. Mutumin da ya karɓi kirarin Damisa saboda abin da sojojinsa suka yi ranar 15 ga Fabrairu ba shi da bakin cewa ba ruwansa da abin da suka yi ranar 18. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ita ƙa'idar ta rayu, an kuma gyara mata fuska. Ta shiga ƙarin yarjejeniyar Janeba ta 1977, ta shiga dokokin kotunan da suka yi shari'ar Yugoslabiya da Ruwanda, sa'annan ta zama sashe na 28 na Yarjejeniyar Rum ta 1998 wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. A yau sai an tabbatar da abu uku. Na ɗaya, kwamandan yana da iko na haƙiƙa a kan masu laifin. Na biyu, ya sani, ko kuwa bisa halin da ake ciki ya kamata a ce ya sani. Na uku, ya kasa hanawa, ko tsawatarwa, ko miƙa masu laifin ga hukuma. A kan wannan sashe aka ɗaure Jean-Pierre Bemba na Kwango shekara 18 a 2016 saboda ta'asar mayaƙansa a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, amma kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2018, tana la'akari da iyakar abin da kwamanda zai iya yi daga nesa. Wato gardamar da aka yi a Manila har yanzu ba ta mutu ba.

Abin takaici shi ne yadda masu dokar barci suka ɓuge da gyangyaɗi. Ranar 16 ga Maris, 1968, sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan ƙauyawa a My Lai ta ƙasar Biyetnam, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Mutum ɗaya tak aka samu da laifi, Laftana William Calley, shi ma ɗaurin talala na shekara uku da rabi ya yi a gidansa. An wanke kwamandansa, Kyaftin Ernest Medina, bayan an gaya wa masu yanke hukunci cewa sai an tabbatar ya sani a zahiri. Janar ɗin da ke shugabantar rundunar kuwa rage masa girma kawai aka yi. Telford Taylor, wanda ya gabatar da ƙara a madadin Amurka a shari'ar Nuremberg, ya fito fili ya ce da ma'aunin Yamashita za a bi, da babban kwamandan Amurka a Biyetnam ma zai iya shiga hannu. Japan ta shiga Kotun Duniya a 2007, Amurka kuwa har yau ba ta shiga ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kada wannan ya sa mu ce tunda manya sun yi son kai, ƙa'idar ta zama banza. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Rum a 2001, saboda haka sashe na 28 ya hau kan hafsoshinmu kamar yadda ya hau kan shugabannin 'yan ta'adda. A watan Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun a lokacin, Fatou Bensouda, ta bayyana cewa akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaron Nijeriya sun aikata laifukan yaƙi. Duk lokacin da aka wayi gari da gawarwakin talakawa aka ce kuskure ne ko aikin wasu ɓata-gari, tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida da lauyoyinmu su yi su ne waɗanda aka gada daga shari'ar Manila: wane ne kwamanda, me ya sani, me ya kamata ya sani, wane mataki ya ɗauka, wa ya hukunta? Sai dai a yi tambayar a gaban alƙali na gaskiya, a ba wanda ake tuhuma lokaci da damar kare kansa, abin da ba a ba Yamashita yadda ya kamata ba.

Kai ma mai karatu, idan kana riƙe da ofis ko asibiti ko makaranta ko kotu, ka sani cewa kujerar da ta ba ka damar karɓar yabo ita ce ta ɗora maka nauyin bincika abin da ake yi da sunanka. Shugaban da ya tsara al'amuransa yadda mummunan labari ba zai taɓa iso shi ba, shi ya zaɓi rashin sanin, kuma zaɓin nan laifi ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya ba mu shugabanni masu ɗaukar nauyin abin da aka ba su amana.